Malam Kailani Nagoda, Makanikin da Ya Hana Aiken Goro

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Kailani, wanda mutanen Tudun Wada suka fi sani da Kailani Sayo-Goro, a unguwar Kusfa cikin birnin Zariya, da damina, a shekarar 1902. Sunan mahaifinsa Nagoda, maƙeri ne mai ƙera fartanya da lauje, mutum shiru-shiru wanda gudumarsa ta fi shi magana. Sunan mahaifiyarsa Lauratu, mai kitso ce, kuma a zamaninta duk labarin da bai biyo ta tabarmar kitsonta ba, to, bai faru a Kusfa ba. Kailani ya ɗauko hannun uban, ya ɗauko idon uwar da kunnenta, kuma duka sun yi masa rana.

Karatu

Da ya yi wayo aka sa shi makarantar allo a unguwarsu, ya yi nisa a karatu amma bai sauke ba. Masoyansa suna cewa rasuwar mahaifinsa a shekarar 1916 ce ta katse masa karatun. Waɗanda suka yi makaranta tare da shi kuwa sun ce tun ranar da ya fara ganin mota ta wuce ta Ƙofar Doka tana hayaƙi, allo ya daina shiga kansa. Allah dai Shi ne masanin gaskiya. Boko kuwa ko ƙofar ajinsa bai taka ba a lokacin, don ba a cika neman 'ya'yan maƙera a can ba.

Koyon Aiki a Hannun Sabo Ɗan-Ikko

A shekarar 1919 mahaifiyarsa ta kai shi Sabon Gari, kusa da tashar jirgi, ta danƙa shi a hannun wani makaniki mai suna Sabo, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan-Ikko saboda ya taɓa zama a birnin Ikko ya dawo da malafa da Turanci ɗan kaɗan, yawancinsa na zagi. Sabo gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya yarda. Sai dai yana da al'adar da kusan kowane gwani yake da ita a wancan zamani, daga tela har kafinta: mai koyo zai wanke ƙarafa da kananzir, ya riƙe sifana, ya share gareji, ya wanke wa maigida riga, amma cibiyar aikin ba zai gan ta ba, don tsoron kada gobe ya buɗe tasa rumfar a tsallaken titi.

Cibiyar aikin mota a lokacin ita ce daidaita wutar inji, wurin da in an dace mota ta tashi, in an kuskure ta yi ta tari har magariba. Duk sa'ad da aiki ya iso nan, sai Sabo ya goge hannu da tsumma, ya ce, “Kai, Kailani, sayo mini goro. Daushe nake so, kuma kada ka kawo mini na bakin tasha, ka shiga can cikin kasuwa.” Kafin ya je ya dawo, inji yana ta ruri, Sabo yana zaune yana fifita da malafa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har yaran tasha suka daina kiran sunansa na yanka, in sun hango shi sai su ce ga Sayo-Goro nan.

A shekarar 1926 jinin Lauratu ya motsa a jikinsa. Ya koma sayen goron tun da safe a hanyarsa ta zuwa aiki, ya naɗe shi cikin ganye mai laima, ya sa a aljihu. In an aike shi sai ya fita da saurinsa, ya zagaya bayan gareji, inda akwai wata hudar ƙusa a jikin langa-langa, ya kafa ido ɗaya yana kallon yatsun maigidansa. In inji ya tashi sai ya ɗan jira, ya shigo har da haki, kamar wanda ya yi gudu daga kasuwa. Waɗanda suka san shi da tsufa za su tuna idonsa na hagu kullum a ɗan tsuke yake. Likita ya ce ciwo ne. Mutanen Tudun Wada sun ce hudar ƙusa ce.

Asirinsa ya tonu a shekarar 1928, ranar da Sabo ya tafi bikin suna aka turo motar wani falke da ta ƙi tashi, Kailani ya tashe ta. Sabo ya dawo ya tarar da inji yana aiki sumul, ya tsaya ya saurara, ya gane irin hannunsa ne. Ya ce, “Wane ɗan banza ne ya koya maka?” Kailani ya sunkuyar da kai ya ce, “Goro ne, maigida.” A ranar aka kore shi, ko abincin rana bai ci ba.

Aure da Komawa Tudun Wada

Abu guda dai ya samu a aiken nan bayan sana'a. Matar da yake sayen goro wurinta, Inna Atika, tana da 'ya mai suna Ishatu, wadda takan zauna ta yayyafa wa goro ruwa, kuma ana zargin ba ingancin goron kaɗai ne ya hana shi sauya mai sayarwa ba. An ɗaura musu aure a shekarar 1930, suka tare a Tudun Wada a shekarar 1931, a wani gida da ke bayan kasuwa, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Ishatu ta gaji sana'ar uwarta, ta kuma gaji bakinta. Abin mamaki, shi Kailani bai taɓa sa goro a baki ba tsawon ransa, ya ce abin da ya ɗauka a aljihu ya ishe shi. Haƙoransa farare tas, nata kuwa ja wur, har ake cewa ita take ci wa gidan gaba ɗaya.

Daga korarsa har zuwa shekarar 1938 yana gyaran mota ne a gindin wata bishiyar mangwaro a bakin titi. A shekarar aka ɗauke shi aiki a wani kamfanin jigilar auduga da gyaɗa mai gareji a hanyar Tudun Jukun, ya yi hidima da amana, har a shekarar 1948 aka naɗa shi helma, wato shugaban makanikan gareji.

Helmanci da Kwanon Goro

Ranar da ya kama helmanci ya zo da kwanon sha cike da goro, ya ɗora a kan wani tsohon durom a tsakiyar gareji, ya tara manya da masu koyo, ya ce, “Ga goro nan. Duk mai so ya miƙa hannu. Daga yau ba a aiken kowa.” Sa'an nan ya rataye wani ƙarfe ya kafa doka: duk lokacin da za a yi aiki mai wuya, a buga ƙarfen kowa ya taru, mai yin aikin ya riƙa faɗin abin da yake yi da babbar murya, in ya gama ya kwance, mai koyo ya sake ɗaurawa a gaban jama'a, in ya ɓata ya sake.

Dokar ba ta yi wa manyan makanikai daɗi ba, musamman wani mai suna Isiyaku, sa'an Kailani ne a shekaru, wanda ya yi imani cewa abin da mutum ya sha wuya ya samu ba a raba shi kamar sadakar Juma'a. Da aka hana shi aiken goro sai ya koma aiken ruwan sha. Kailani ya kawo randa ya kafa. Ya koma aiken taba, Kailani ya ajiye batta. Ya koma aiken ashana. Kafin shekara ta zagayo, kusurwar garejin nan ta koma kamar kanti, Isiyaku kuwa ya koma shigewa can ƙarƙashin mota yana aiki da bayansa a waje.

Manajan kamfanin, wani Bature, shi ma yana da nasa kukan, don da zarar mai koyo ya ƙware sai reluwe ko wata ma'aikatar gwamnati ta ɗauke shi. Ya kira Kailani ya ce ta bakin tafinta, kamfani yana shan wahalar koyarwa wasu suna kwashe amfanin. Kailani ya ce, “Ranka ya daɗe, motocinka har Funtuwa da Gusau suke zuwa. Ranar da ɗaya ta mutu a hanya, wanda ya bar mu shi zai tashe ta.” Ba a san ko tafinta ya juya maganar daidai ba, amma dai kwano ya zauna.

A gida ma bai tsira ba. Ishatu, wadda ita ke ƙunsa masa goron da yake cika kwanon da shi kowace safiya, takan ce masa, “Malam, abin da ka tsinto da ido ɗaya ta hudar ƙusa, shi kake juye wa 'ya'yan mutane da kwano. Ranar da suka ƙoshi, kai za su aika.” Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, “In sun aike ni, ai na san hanya.”

Zamanin Kwas da Takarda

Da aka shiga shekarun 1950 sai zamani ya juya. Ana ta maganar 'yan ƙasa su karɓi ayyuka, ko'ina ka juya sai ka ji wane ya tafi kwas, wane ya dawo da takarda, har ta kai iyayen 'yan mata a Tudun Wada ba sa tambayar ɗan wane ne, sai dai wane kwas ya yi. Gwanintar hannu ba ta ishi mutum ba sai da shaida a rubuce. Malam Kailani bai raina abin ba. A shekarar 1952 ya shiga ajin yaƙi da jahilci, yana da shekara hamsin, ya koyi haɗa baƙaƙe da lissafi gwargwado, amma Turancin da ake kwas da shi ya fi ƙarfinsa.

Cikin masu koyo a hannunsa akwai Barnabas Kato, wanda ya zo garejin a shekarar 1950. Ɗan Malam Ezekiyel ne, malamin makaranta a Wusasa, mahaifiyarsa Priscilla kuwa nas ce. Gidan Kiristoci ne masu tarbiyya, irin waɗanda ɗansu ba ya gaida babba a tsaye. Uban ya so ya zama akawu mai farar riga, shi kuwa ya nace sai baƙin mai. Kailani ya koya masa komai, tun daga riƙon sifana har daidaita wuta, bai rage ko ƙwaya ba.

A shekarar 1954 kamfani ya ce a ba da mutum guda da za a tura makarantar koyon sana'a a Kaduna. Kailani yana da ɗa a garejin, babban ɗansa Nagoda, amma ya ba da sunan Barnabas, ya ce shi ne mai Turancin da zai kwaso abin da ake faɗa ya kawo wa kowa. Maƙwabta sun shaida cewa a makon nan miyar gidan Ishatu ba ta ga gishiri ba.

Barnabas ya dawo a shekarar 1956 da takardarsa da wando mai kari. A shekarar 1957 kamfani ya sayar da tsofaffin motocinsa masu shan fetur, ya kawo sababbi masu shan dizal, waɗanda ba su da wutar da za a daidaita ko kaɗan, cibiyar aikinsu wani famfo ne mai ba inji mai. Wato abin da Kailani ya yi shekaru yana leƙe don ya samu, rana ɗaya aka tura shi waje tare da tsofaffin motoci. Manaja ya sanar da abu biyu: Barnabas ne sabon helma, kuma duk makanikin da bai iya dizal ba kafin a buɗe kasuwar auduga, za a sallame shi. A bakin rijiya da ɗakunan kitso na Tudun Wada ba a yi wata hira ba sai wannan. Ishatu kuwa, yadda take dire masa kwanon tuwo kaɗai ya isa magana.

Ranar da Aka Buɗe Famfo

An sa wata Litinin cikin watan Oktoba na shekarar 1957 don buɗe famfon farko. Barnabas ya shiga damuwa, don bai ga yadda zai tsaya a kan mutumin da ya koya masa riƙon sifana yana cewa yi kaza, bari kaza, a gaban yara ba. Ya yanke a ransa zai koya wa tsohon shi kaɗai daga baya, a cikin sutura. Sai Isiyaku ya ba shi shawara, ya ce a nemi wata hidima ta girmamawa a fitar da Malam da ita har a gama. Akwai waɗanda suka rantse sun ga Isiyaku yana juye goron kwano cikin aljihun wandonsa da safen nan.

Aka buga ƙarfe, jama'a suka taru. Barnabas ya zo gaban Kailani ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya ce, “Baba, ga shi goro ya ƙare a kwano. Ko za ka taimaka ka leƙa gida wurin Inna Ishatu, tunda kai ka san mai kyau?”

Duk wanda ke wurin ya san tarihin wannan aike, in ban da mai aiken, wanda sai da maganar ta fita daga bakinsa ya ji abin da ya faɗa.

Malam Kailani ya dube shi da tsukakken idon nan, ya sa hannu a aljihu, ya fito da ƙunshin ganye, ya kwance, ya juye goro a cikin kwano. Ya ce, “Na sayo tun da safe, Barnaba. Tun kafin a haife ka ba na fitowa aiki ba shiri.” Sa'an nan ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, a sahun gaba, tsakanin masu koyo. Ya ce, “Buɗe mu gani. Kuma ka ɗaga murya, kunnen ya fara nauyi.”

Barnabas ya ce, “Baba, ka yafe mini. Kunya nake ji. Na so in nuna maka mu biyu.”

Kailani ya ce, “Ajiye kunyar can kusa da takardarka, in mun tashi ka ɗauka. In ka koya mini a ɓoye, gobe kowane mai furfura zai ce shi ma a ɓoye yake so, jibi kuma an koma sayen goro. Malam Barnaba, muna jiranka.”

Daga ranar har ya bar duniya, in ana darasi Malam yake kiran sa.

Kada a ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Famfon dizal ba ya son datti ko na ƙwayar gero, hannun Kailani kuwa ya saba da aikin da ake goge ƙarfe da gefen riga. Ɗaurinsa na farko, da aka tada mota, hayaƙi ya turnuƙe garejin har mai sayar da fura a ƙofa ta kwashe ƙwaryarta ta gudu. Yara suka ɓoye fuska suna dariya. Barnabas ya tsaya yana inda-inda, Kailani ya ce, “Me dokar ta ce?” Barnabas ya ce, “A sake, Baba.” Ya kwance ya sake, ya ɓata, ya kuma sakewa. Manyan makanikai da suka ga mai dokar da kansa yana zaune a ƙasa ana gyara masa kuskure, ɗaya bayan ɗaya suka matso suka zauna.

Kafin a buɗe kasuwar auduga manaja ya gwada su, Malam Kailani ya tada motarsa lafiya lau, aka bar shi a bakin aikinsa. Isiyaku, wanda ya ce shi ba zai zauna a gaban ɗan cikinsa ba, an sallame shi, ya koma Hanwa ya buɗe rumfar gyaran keke, inda har yau in ka kai masa faci sai ya juya maka baya kafin ya fara. Helmanci dai bai dawo wa Kailani ba, kuma bai nema ba. Ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin Barnabas a matsayin makaniki kamar kowa, sai dai cika kwano bai bar wa kowa ba. Ishatu ta ce wa maƙwabta, “Ai na faɗa masa za su aike shi.” Da aka ce mata ai bai je ba, sai ta ce, “To, wa ya ƙunsa masa goron?”

Rasuwa da Zuriya

A farkon shekarar 1959 ciwon ƙirji ya kama shi, ya yi jinya ta ɗan lokaci a gida, ma'aikatan gareji suna zuwa gaishe shi, shi kuwa yana tambayar su wace mota aka buɗe, wa ya ɗaura, sau nawa ya sake. Allah Ya yi masa rasuwa ranar wata Alhamis cikin watan Maris na shekarar, yana da shekara hamsin da shida a duniya. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Tudun Wada. Jana'izarsa ta tara makanikai daga reluwe da ma'aikatun gwamnati da garejin bakin titi, Malam Ezekiyel da mutanen Wusasa suka tsaya daga gefe har aka gama.

Da mata suka zo naɗe kayansa, aka sami ƙunshin goro a aljihun rigar aikinsa da ke rataye, ganyen da sauran laimarsa, don ko yana kwance bai yarda a bar aljihun ba komai ba. Da Barnabas ya shigo yi wa Ishatu ta'aziyya ta miƙa masa ƙunshin, ta ce, “Ungo, kai shi inda yake kaiwa. Kuma kwanon nan nawa ne, aro na ba shi. Ranar da kuka koma aike, ku dawo mini da abina.” Har yanzu kwanon yana kan durom.

Ya rasu ya bar matarsa Ishatu da 'ya'ya biyar: Nagoda, makaniki a Funtuwa, wanda ya koyi dizal a sahu ɗaya da mahaifinsa, Saratu, tana aure a Tudun Jukun, Lauratu, mai sunan kakarta, wadda ta gaji kitson da abin da ke tafe da shi, Sabo, wanda uban ya sa wa sunan maigidansa na farko duk da korar, yana aikin kafinta a Kaduna, da auta Larai, tana koyon aikin ungozoma. Ya kuma bar jikoki da dama.

Allah Ya jiƙan Malam Kailani, Ya yafe masa leƙen da ya yi ta hudar ƙusa, Ya zaunar da shi a sahun gaba.